Mai Malafa a Rumbun Gabas

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Tsanyawa ba, ko da na so in manta, domin mutanen ƙauyenmu sun ɗauki nauyin tuna mini. A ranar ne na zauna a unguwar Bacirawa ta Kano, tafiyar fiye da sa'a guda daga gida, na kama ɓarawo da wayar hannu. Har yau idan na tuna irin natsuwar da na yi aikin da ita, sai in ji gumi yana tsattsafo mini.

A lokacin ban daɗe da kammala digiri a fannin Hausa ba, na kuma sami aikin koyarwa a wata makaranta a Bacirawa. Ni mutum ne mai son tsari. Ba na gauraya Hausa da Turanci, ba na dariya sai da dalili, kuma na taɓa tsayar da mai shayi domin in gyara masa rubutun allonsa (bai gode ba). A ƙauye kuwa akwai Hadiza, ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu, 'yar maƙwabcinmu Malam Ilu. Mun daidaita da ita, an kuma tsayar da cewa Juma'a mai zuwa Kawu Sale, ƙanen mahaifina, zai jagoranci manya su je neman aurenta. Shekara biyu ke nan ban bi ta ƙofar gidan Malam Ilu ba saboda kunya. In na hango shi sai in sake hanya. In kuwa muka yi kiciɓis, sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaida ƙasa.

Da kaka ta yi, sai na ga ya dace in nuna wa gida amfanin karatu. Na sayo kyamarar tsaro mai aiki da sola, wadda ake sa wa layin waya, na kafa ta a saman dogon itace a bayan gida, tana fuskantar rumbunanmu biyu da turken dabbobi. Na tara Baba da Inna na yi musu bayani dalla-dalla: daga ko'ina nake zan iya kallo ta wayata, in wani abu ya motsa za ta sanar da ni, tana da lasifika da zan iya magana ta ciki, tana kuma da jiniya.

Inna ta ce, "Wato ko tsaki na yi wa kaji kana ji?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna."

Ta ce, "To, Allah Ya ba ka aikin yi."

Baba ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Af, shi wancan rumbun na gabas, bana..."

Na tari numfashinsa cikin ladabi, na ce, "Kada ka damu, Baba, shi ma ta kama shi sarai. Duba nan." Na nuna masa allon waya, na shiga bayanin yadda ake matso da hoto kusa. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ce, "To, madalla." (Mai karatu ya riƙe wannan wuri. Ni ban riƙe ba.)

Mako uku ina gadi daga Bacirawa. Na san lokacin da ragon Inna yake kwanciya. Na san kazar da ba tamu ba wadda take zuwa cin tsaba. Sau biyu wayata ta yi ƙara ina tsakiyar darasi, na duba na ga tsumma ne iska take kaɗawa a jikin danga. A gaskiya na fara jin haushin yadda ƙauyenmu ya cika zaman lafiya.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar, muna zaune a ɗakin malamai sai waya ta yi ƙara. Na duba. Wani mutum ne sanye da faffaɗar malafa, ya jingina tsani a jikin rumbun gabas. Da yake kyamarar daga sama take kallo, malafar kawai nake gani da kafaɗu. Ya hau, ya ture murfin, ya zura ƙafafu, ya shige. Jim kaɗan sai ga damin dawa ya faɗo waje.

Na yi lissafi nan take. Baba yana kasuwa tare da yawancin mazan gari. Inna ta gaya mini tun da safe cewa za ta wuni a gidan suna, a ƙarshen layi. Gida babu kowa. Na ce a raina, wannan ɓarawo ne mai ilimin lokaci.

Malam Nura, malamin lissafi, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, wannan ai bai yi kama da ɓarawo ba. Dubi yadda ya jera takalmansa a gindin tsani. Kira Baba tukuna."

Na ce, "Malam Nura, ƙwarewa ke nan. Wanda ya saba ba ya gaggawa."

Sauran malamai suka kewaye ni. Ganin idanu sun taru a kaina ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Na gyara zama, na yi gyaran murya, na danna maɓallin magana.

"Ya kai mai malafa! Ka sani ana kallonka daga birnin Kano. Wanda bai yi sharar gona ba, bai yi shuka ba, bai yi noma ba balle maimai, ba shi da hurumin ɗaukar dami. Dattijo da kai, ka ji kunyar furfurarka, in kana da ita!"

Na saki maɓallin ina jin daɗin yadda jimlolin suka zauna. Sannan na danna jiniya.

Abin da ya biyo baya ya faru da sauri. Ragon Inna ya zabura, ya tsinke igiya, ya bangaji tsanin, tsani ya kwanta a ƙasa. Malafar da ta fara leƙowa ta koma ciki. Kafin minti biyu sai ga matan gidan suna sun ɓarko ta ƙofar baya, wata da taɓarya, wata da muciya, wata da ludayi ko ajiyewa ba ta yi ba. Na hango Inna a gaba. A bayanta na hango Inna Asabe, mahaifiyar Hadiza, riƙe da itacen wuta. Zuciyata ta yi fari. Na ce, yau surukata za ta ga irin mutumin da 'yarta ta zaɓa.

A nan ya kamata in bayyana wani abu da takardar kyamarar ba ta bayyana mini ba. Sabis ɗin waya na ƙauyenmu yana da nauyin jiki. In ya ga dama, hoto yakan tsaya cak, magana kuma takan yi kusan minti guda a hanya kafin ta isa. A daidai wannan lokaci hoton ya daskare, matan suna kewaye da rumbu. Ni kuwa, gudun kada ɓarawo ya yaudare su, na danna maɓalli na ci gaba da ba da umarni.

Abin da ya faru a can, kamar yadda mutum goma sha wani abu suka ba ni labari daga baya, shi ne: mai malafa ya ɗago kai a hankali ya ce, "Salamu alaikum. A taimaka a miƙo tsani." Inna Asabe ta saki itacen wuta ta ce, "Malam! Kai ne?" Matan suka zube suna gaisuwa, ana ta "sannu, Malam", "ina gajiya, Malam", shi kuma yana amsawa daga bakin rumbu. Jiniyar ta ɗan tsagaita, wuri ya yi tsit don kunya. A cikin wannan shirun ne muryata ta iso daga saman itace, tangaran:

"Kada ku saurari daɗin bakinsa! Kada a ba shi tsani! Inna Asabe, ke ce kusa, in ya leƙo ki sauke masa!"

Sai hoton ya dawo. Ga Malam Ilu, malafa a hannu, ƙaiƙayi a gemu, ya ɗaga kai yana kallon cikin kyamarar kai tsaye, wato yana kallon cikin idona. Shekara biyu ina kauce wa wannan fuska, yau ga ta ta cika allon wayata. Inna ta matso gindin itacen, ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ɗan nan! Rumbunsa ne ruwa ya rusa da damina, Babanka ya ba shi aron wannan. Dawarsa ce! Kashe abin nan, ka cika mana kunne!"

Jiniyar ta sake tashi, na nemi maɓallin kashe ta na rasa. Sai na danna wanda ya ƙara mata ƙarfi. Malam Nura ne ya karɓi wayar ya kashe, sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Amma fa jawabin ya yi."

Kafin la'asar Hadiza ta kira. Na ɗauka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, mai gadin birnin Kano. Ga mara lafiya an kawo mana, ya bugu a gwiwa wajen saukowa. Ya ce a tambaye ka ko yana da hurumin shan magani." Ina jin ma'aikatan asibitin suna dariya a bayanta. Na ce, "Hadiza, ina batun Juma'a?" Ta ce, "Wannan kuma sai ka tambayi mai malafa."

Washegari na shiga motar farko zuwa gida. Tun daga tasha direba ya ce, "A ba Malam gidan gaba, kada ya kunna mana jiniya." Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Na so in gaya maka, kana nuna mini yadda ake matso da hoto."

Kawu Sale ne ya raka ni ba da haƙuri. Na tuɓe takalmi tun daga bakin hanya, na durƙusa a ƙofar zaure. Jawabin neman gafara mai sakin layi uku da na tsara a mota ya gudu, ya bar ni da "Baba, a yi haƙuri" kawai. Malam Ilu yana zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafa ɗaya. Ya bar ni a durƙushe har sai da gwiwoyina suka fahimci halin da tasa take ciki, sannan ya dubi Kawu.

"Sale, ka shaida, na yi shara, na yi shuka, na yi noma, na yi maimai."

Kawu ya ce, "Na shaida, Malam."

"Furfura ma ga ta."

"Akwai ta, Malam."

"To, shekarata sittin da wani abu, an zage ni a kasuwa, an zage ni a kan iyakar gona, amma ban taɓa jin zagi da Hausa mai tsabta irin ta yaron nan ba. Ina cikin rumbu ina tsoro, ina kuma sha'awa." Kawu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Malam ya ci gaba, "Kuma in an duba, dawata yake gadi. Wanda ya hana ni taɓa kayana daga Kano, ina ganin zai iya riƙe amana. Ku zo Juma'ar. Sharaɗi ɗaya ne: ya kafa mini irin abin nan a turken awakina, amma a cire mata bakin."

Haka aka yi. An ɗaura aure bayan watanni, kuma har yau idan na shiga gidan, Inna Asabe takan ce, "Ga ni kusa, wa za a sauke wa?" Kyamarar tana nan tana aiki, tana nuna mini rago da kaji da tsumman danga ba tare da kuskure ba. Sai dai ba ta san wanda ruwa ya rusa wa rumbu ba, ba ta kuma san wa ya ba wa aro ba; wannan labari a bakin Baba yake. Shi ya sa yanzu, in dattijo ya ce "Af", nakan kifa wayata a kan tabarma, in naɗe hannu, in jira ya kai aya.