Na Je Kanada Na Dawo Kafin La'asar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tafi Kanada na dawo kafin a kira la'asar ba, kuma duk tafiyar a cikin kasuwar Lazaret aka yi ta.

Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da yara a wata lakkol a nan Yamai. Wani abokina da muka taso tare a Damagaram ya kwashe iyalinsa ya koma Kanada, kullum sai ya aiko mini hoto: ga shi tsaye cikin ƙanƙara, ya yi ɓul-ɓul, kumatu kamar fanke. Ni kuwa ina kallon hoton ina fifita da kwali, don kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Nan zazzaɓin tafiya ya kama ni. Har tafiyata ta sake, na fara yi wa masu taksi kallon mutanen da zan bari a baya.

Kullum bayan cin abinci sai mu baje maganar da matata Hadiza. In ce karatun yara, ta ce wa zai koya musu gaida manya. In ce asibiti mai kyau, ta ce in ka kwanta wa zai zo duba ka da kwanon fura. In ce wuta ba ta ɗaukewa, ta ce kopto fa? (A nan ta kama ni, don ni da kopto, wato kwaɗon zogale, sai Allah.) Rannan sai ta ce, "To, Inna fa?"

Inna mahaifiyata ce, tana wurinmu tun rasuwar Baba, kuma tafiyar ba da ita ba ce. Ban ko sassauta murya ba na ce, "Sai ta koma Damagaram wurin Yaya. Kullum mu kira ta a bidiyo, ai zamani ya zo da sauƙi." Inna na gefe tana tsince zogale.

Hadiza ta dube ni sama da ƙasa. "Baban Nana, kai da ruwan sanyi na firigo ke sa ka mura, kai ne za ka zauna cikin ƙanƙara?"

Wannan magana ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi. Nan take na yanke hukunci irin na masu ilimi: za a yi gwaji. Maƙwabcinmu Alhaji Seyni yana da ɗakin sanyi a kasuwa inda yake ajiye daskararren kifi. Zan shiga bayan azahar, in na kai kiran la'asar a ciki, mu fara neman takardu. In na kasa, a binne maganar. Hadiza ta amince da saurin da ya kamata ya ba ni tsoro.

Na je wurin 'yan bosho masu tsofaffin tufafin Turai, na sayi manto, wato babbar rigar sanyi mai gashi a wuya, da hular ulu, da safar hannu. Ranar Asabar, tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema, na saka su duka tun daga gida (wai don jiki ya saba). Na ratsa kasuwa, Hadiza da Inna da yara a bayana, 'yan fadarmu ta shayi a bayansu, sannan duk wanda ba shi da aikin yi a Lazaret. Ina ɗaga wa mutane hannu. Gumi kuwa har cikin takalmi.

A bakin ƙofa Alhaji Seyni ya tare ni. "Mushe, tsaya in gaya maka wani abu..."

"Alhaji, kada ka ba ni tsoro. Namiji ba ya fasa tafiya a bakin tasha."

Ya ɗaga kafaɗa. Na shiga, aka turo ƙofa.

Duhu ƙirin. Ƙarnin kifi ya yi mini sannu da zuwa. Da farko na ji daɗi, har na fara tsara yadda zan ba da labari a fada. Can sai jiƙaƙƙiyar rigata ta yi sanyi ta manne mini a baya. Na ji ruwa a ƙarƙashin takalmi. Na tuna abokina ya taɓa cewa a can sanyi na cinye yatsun mutum bai sani ba. Na motsa babban yatsana, na ji kamar ba nawa ba. Haƙora suka fara kaɗawa. Na yi salati, na yi kalmar shahada, na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini rai har da sufeton lakkol. Daga nan ban san lokacin da na rarumi ƙofa da duka ba.

Kuma ba Hadiza na kira ba, ba Alhaji ba. Ni, mai 'ya'ya uku da furfura a gemu, abin da na kwarara shi ne, "Inna! Wayyo Inna, ki ce su buɗe!"

Daga waje na ji muryarta, a natse: "Auta, tura. Ba a kulle ba."

Na tura, na faɗo waje a rarrafe, hula ta rufe mini ido ɗaya. Ko shayin farko da 'yan fada suka ɗora a bakin ƙofa ba su sauke ba. Alhaji Seyni ya durƙusa kusa da ni, yana ƙoƙarin haɗiye dariya.

"Kala suuru, Mushe, ka yi haƙuri. Abin da na so in gaya maka ke nan. Kuran ya ɗauke tun jiya, injin a kashe yake. Kifin ma na kai shi Kirkissoye wurin ƙanena. Abin da ya rage ciki bai fi sanyin randa ba."

Kasuwa ta ɗauka. Wata mai tumatir ta yi dariya har ta zauna cikin tirenta. Ɗalibaina biyu suna nan, kuma na san kafin Litinin labarin zai riga ni shiga aji. Inna kuwa ta leƙa ɗakin, ta ce a miƙo mata kujera, ta shiga ta zauna tana cewa rabonta da iska mai daɗi haka tun damina.

A hanyar gida ina tafe ina ƙarni, ƙudaje na yi mini rakiya. Hadiza ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Sai da muka kusa ƙofa ta ce a hankali, "Yau ƙyaure ɗaya ne tsakaninku, ka kira ta amsa. A can wa zai ce maka tura?"

Na waiwaya na ga Inna tana tahowa a hankali, riƙe da safar hannuna da na yar a kasuwa, sai na ji kunyar da ta fi ta ɗakin kifi.

Har yau Ɗan Kanada ake kirana a unguwa, kuma ina amsawa. Manton yana nan, Inna ke shimfiɗa shi a kan kujera saboda ciwon baya. Abin da na koya shi ne, kafin ka ɗora ƙasar wasu a sikeli, fara hawa da kanka a ga nauyinka. In kuma Alhaji ya ce tsaya in gaya maka, don Allah ka tsaya.