Ku Dawo Mini Da Bugun Ƙofata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Tsame-Ganga,
masu manhajar nan da ke cire kiɗan ganga daga cikin waƙa.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina kuma fatan 'ya'yanka suna amsawa idan an kira su. Nawa ya daina, kuma da hannunka a ciki.

Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu. Na ƙarshen, Auta, ya gama sakandare yana zaman jiran jami'a. Ƙanena, wanda ba shi da sana'ar da ta wuce sangarta 'ya'yan mutane, shi ya kawo masa ganguna masu lantarki: faya-fayan roba a jikin ƙarafa, da feda ta ƙafa, da wani ƙaton abin saurare mai rufe kunnuwa ruf. Ya rantse mini ba su da ƙara. Ana nan sai Auta ya samo manhajarku. Ya zuba waƙa, ku tsame mata ganga, shi kuma ya zauna ya cike gurbin da sandunansa. Ga abin da hakan ya jawo mini.

Na ɗaya, ina kuke kai gangunan? Wani bawan Allah ya zauna ya yi gumi ya kaɗa, matarsa ta wanke rigar, ku kuma kun fitar da shi da yatsa ɗaya kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Kun nemi izininsa? Yaron da ya saba ganin ana cire mutum daga aikinsa cikin sauƙi haka, gobe wa kuke jin zai cire?

Na biyu, waƙoƙina. Ina da 'yan tsofaffin waƙoƙi a waya, da su nake guga. Auta ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsame, ya goge na asalin wai don wayar ta samu sarari. Yanzu kowace waƙa tafiya take kamar mace mai takalmi ƙafa ɗaya. Na tsayar da dutsen guga ina jiran ganga ta shigo, ba ta shigo ba, wuyan rigar Baban yara ya ƙone. Shi ma Baban yara Auta bai bar wayarsa ba. Da ya ji nasa waƙoƙin sun rame, sai ya ɗauki sifikarsa ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya rufe, ya ce ta gyaru. Da aka dawo gida babu ganga har yanzu, sai ya yanke cewa kunnensa ne ya fara tsufa, ya rage kunna ta. Ban gaya masa gaskiya ba tukuna. Wannan ɗayan kam ba na ƙorafi sosai a kai.

Na uku, shirun da aka yi mini alkawari. Shi Auta yana ciki ido rufe, baki buɗe, kai na kaɗawa, kamar dubban mutane ke gabansa. Mu da ke waje abin da muke ji kawai taf-taf-taf, dim, taf-taf, kamar ana kakkaɓe katifa tun safe. Maƙwabciyata ta leƙo ta tambaye ni ko kafinta muka kawo, wai idan ya gama ya shiga wajenta. Ni kuma ina tsaye ina kira, muryar da ta tashi yara uku daga barci ba tare da na bar kicin ba, ta zama iska.

Don haka na yanke hukunci. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na karanta masa laifuffukansa, ina dukan ƙofar da tafin hannu a ƙarshen kowace magana, yadda na saba tun yana rarrafe. Na rufe da cewa ranar Asabar gangunan za su koma gidan kawunsa. Har na gama yana gyaɗa kai, na ce to, yaro ya ji.

Na huɗu, Yallaɓai, gyara zama. Ana gobe Asabar na shiga ɗakin na same shi yana ta kiɗa. Na zare abin kunnen daga kansa na ɗora a nawa, don in ji wace marar kunyar mawaƙiya ce ta ƙwace mini ɗa. Sai na ji wata mata mai murya tsaf, tana magana a kan lalaci, da kwanon da ake turawa ƙarƙashin gado, da safar da ta kusa tashi ta yi tafiya da kanta. Na ce a raina, ashe har yanzu akwai mawaƙa masu tarbiyya. Sai matar ta yi tari. Tarina ne.

Ashe ranar nan naɗar muryata yake yi a waya. Ya zuba faɗana a manhajarku, ita kuma da wayonta ta ɗauki bugun ƙofata a matsayin ganga, ta tsame shi tas, ta bar muryata tsirara yana yi mata kiɗa. Da na juyo da idon da ya sani, sai ya ce, "Mama, wallahi duk waƙoƙin nan ba wadda ta kai ki riƙe kari. Ba kya sauri, ba kya jinkiri."

Na ce to, tunda gwani ne, ya faɗa mini abin da na ce. Ya karanto shi daga farko har ƙarshe yana buga gwiwa, har wurin da nake jan numfashi bai tsallake ba. Yaron da tun da aka haife shi bai taɓa riƙe maganata guda ba! Na duƙa na leƙa ƙarƙashin gado. Babu kwano, babu safa.

Gangunan ba su koma ba. Amma kada ka yi saurin murna.

Bugun ƙofar uwa ba kiɗa ba ne, tarbiyya ce, kuma ban ba kowa izinin cire shi ba. Ku dawo mini da abina inda kuka kai shi. Ina kuma sanar da kai cewa na shirya sabon faɗa a kan tashi da wuri da wanke banɗaki, ya fi na farko tsawo, Auta zai fara koyonsa gobe. Wannan karon da murfin tukunya zan buga. Idan manhajarku ta taɓa shi, zan zo ofishinka da kaina in tsaya a ƙofarka, mu ga abin da za ka iya tsamewa.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma ba ka ɗa mai ganga.

Taka mai matuƙar biyayya,
Mahaifiyar Auta.

Ƙari: tarin nan na tsakiya, idan da hali, shi ku cire.