Masu Kuwwa da Tagar Cindo

A wani gari, can bayan inda shamuwa ke juyowa, mai suna Gani-Ya-Kori-Ji, akwai hasumiya guda mai tagar gilashi. Ta nan kaɗai ake hango duk abin da ke tafe. Tsoho Cindo ne mai goge ta, da jelar akuya, wai tsumma yana barin zane.

Garin yana da masu kuwwa. In maƙiyi ya shigo, su kurma ihu, dakaru su fito da wuta. Dakarun ba sa tambaya, inda aka nuna nan suke ƙonawa. Al'ada kuma, mai kuwwar da damina ta wuce bai yi ihu ba, tuɓe masa rawani ake yi.

Sai zaman lafiya ya yi yawa. Jatau, Sarkin Kuwwa, ya shafa rawaninsa, ya ɗaga kai, ya ga taga tana ƙyalli.

"Maƙiyi! Ga shi can yana leƙenmu!"

Na kusa ya karɓa, na nesa ya ƙara gishiri. Kafin ihun ya kai kasuwa ya zama runduna.

Cindo ya leƙo. "Kai Jatau, ni ne fa! Ba ni na riƙe ka ranar kaciyarka ba?"

"Kun ji ko? Har sirrinmu ya sani!"

Aka cinna wuta a gindin hasumiya. Bango ya yi jajir, ya kumbura, hayaƙi ya lulluɓe gilashi. Mata suka yi ta sheƙa ruwa yana kwarara. Masu kuwwa suka ce ambaliya ce maƙiyi ya turo, aka ƙaro itace.

Cindo ya tafi Majalisar Sai-An-Duba, ya faɗi gaban Sarki Mai-Hamma.

"Ranka ya daɗe, a toshe bakin masu kuwwa, wutar za ta mutu da kanta. In ta ƙara kwana, gilashin nan ya gama goguwa."

Sarki ya dubi Waziri. "Tun da aka fara, an hango wani mugun abu?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"To ai aiki yana kyau."

Aka ƙara wa Jatau rawani bisa rawani. Cindo kuwa aka sallame shi, tunda babu sauran abin gogewa.

Ranar kasuwa da hantsi, gari ya yi duhu, ana jin wani irin ruri na fukafukai yana sauka kan gonaki. Sarki ya aika a tambayi Sarkin Kuwwa ko mene ne. Jatau ya fito, ya gyara murya, ya shiga duban fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai nuna.