Rasuwar Rajistar Motoci, Mai Sanin Na Sama da Na Ƙasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma da busasshen ido, nake sanar da abokan aiki na sashen sufuri rasuwar Rajistar Motoci, wadda sunanta na yanka a kwamfuta shi ne "Rajista ta ƙarshe ta gaskiya 3". Ta rasu ranar Litinin da hantsi a kan teburina, tana da shekara goma sha huɗu da layi dubu goma sha tara.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Jadawali ce kawai, kowace mota da shafinta, kowace rana da layinta: ta yi aiki, an gyara, ta lalace. In za a buɗe ta, sai tsohuwar kwamfutar ta ja nishi, fuuu, har mutum ya je ya haɗa shayi ya dawo. In ka taɓa inda bai kamata ba, ta ce maka ƙin! ta ƙyale ka da kunyarka. Amma tana da hali guda da ya yi ƙaranci a ginin nan: ta san na sama, ta san na ƙasa, ba ta taɓa sauya wa layi maƙwabci ba.

Halin nan ne ya ja mata. Da aka ce za a sallami direbobi uku bisa zargin tuƙin ganganci, na tambaye ta sau nawa "ta lalace" ke bin "an gyara" kai tsaye, ba ko yinin aiki ɗaya a tsakani. Ta dubi kowane layi da na ƙasansa, ta ce sau ɗari biyu da goma sha huɗu. Wato matsalar daga gyara take, ba daga tuƙi ba. Mai gyaran motocin ƙanin matar Darakta ne. Adadin na rubuta a rahoto, na sa hannu.

Bayan mako biyu ciwon ajali ya iso, ana ce masa zamanantarwa. Aka kawo wani masani mai jaka a baya, ya ce jadawali ya tsufa, yanzu rumbun bayanai ake yayi, inda za ka rubuta tambaya a ba ka amsa kafin ƙiftawar ido. Gaskiya ya faɗa, ni ma na karanta abin a jami'a. Shi ya sa na ce masa rumbu bai san sama da ƙasa ba, sai an ba kowane layi lambarsa kafin a zuba. Ya ce Yallaɓai ka bar wa masu abu abinsu. Ya zuba layukan kamar hatsi a buhu, ba lamba. Ya kuma jefar da kwanan wata gaba ɗaya, wai a hargitse yake, don wani wurin an rubuta 3/4, wani wurin "Laraba". Daga nan aka wanke kwamfutata tas, don kada a riƙa aiki da abu biyu.

Na rubuta wa rumbun tambayar da kaina, na ce ya haɗa kowane layi da mai bi masa ya ƙirga. Da safe ya ce tara. Da la'asar ya ce ɗari shida. Ba laifinsa ba ne. Wanda aka raba da danginsa, duk wanda ya tarar a gefe shi ne yayansa.

Darakta ya zo ta'aziyya da kansa, da takarda a hannu. Ya ce tunda na'ura ta kasa tabbatar da adadina, in sa hannu in janye rahoton kafin kwamitin sallamar direbobin ya zauna ranar Alhamis. Na yi masa godiya, na ce mai makoki ba ya riƙe biro.

Marigayiya ta bar ni, mai shigar da bayananta. Ta bar direbobi uku da iyalansu, cikinsu har da dattijon da muke kira Baban Birki, wanda ya shekara ashirin da shida bai ko goge madubi da bango ba. Ta bar motoci goma sha ɗaya, biyar a kwance. Ta bar kuma magaji, rumbun nan, mai saurin amsa kamar shaidar zur.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, a ɗakin taron kwamiti. Direbobin uku ne za su ɗauko gawa daga sito: kwali goma sha huɗu na littattafan maigadi, waɗanda daga cikinsu na kwafe marigayiya layi bayan layi, kuma har yau ba wanda ya iya sauya wa shafi wuri. Za mu ƙirga da yatsa, da murya, tun daga shafin farko. Ana roƙon masu halarta su zo da abincin rana da tabarau. An keɓe wa Darakta kujera a sahun gaba, kuma ba za a tashi ba sai an kai ɗari biyu da goma sha huɗu.