Nomau da Makullin Wuta

A shekarar da aka kafa falwayoyin lantarki na farko a Tudun Marke, Allah Ya jiƙan mutanen wancan zamani, akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Gwaggo Tabawa. Gidanta ɗaki biyu ne da awaki uku, sai ɗanta guda, Nomau. Ƙato ne mai sanyin hali, bai taɓa yi wa kowa musu ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Da makarantar koyon sana'a ta birni ta nemi kowane ƙauye ya aiko mutum ɗaya ya koyi aikin lantarki, samari duk sun tafi ci-rani, sai Nomau. Gwaggo ta raka shi bakin hanya ta ce, "Ka dawo mini da takardar shaidar nan, ko mutanen garin nan sa daina yi mana dariya."

Wata rana malaminsu, Malam Isiyaku, ya raba musu ɗan ƙarfen gwada wuta ya ce, "Duk wayar da kuka gani, ku ɗauka da wuta a cikinta sai kun gwada." Ranar Juma'a Nomau ya biyo ta wurin mai tsire, ya hangi wayar gashi. Ya ture masu saye, ya dangwala ƙarfensa tsakanin tsinkayen nama, ya duba da kyau.

"Ku ci abinku, bayin Allah, babu wuta."

Mai tsire ya dubi garwashin da ke ci jawur a ƙasa, ya dubi Nomau, ya ci gaba da juya namansa.

Wata rana kuma ana koyon hawa falwaya. Nomau ya ɗaure bel ya haye har ƙoli. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Kada ka sauko sai na ce ka sauko." Nan take aka aiko shugaban makaranta na kiran Malam, daga can ya wuce gida. Aka kira Azahar, Nomau na sama yana ta istigifari. 'Yan ajinsu suka taru suna yi masa tsiya: "Nomau, ka hango mana Tudun Marke? Awakin Gwaggo sun ci abinci?" Wata mai ƙosai ta ji tausayinsa ta riƙa jefa masa ɗaiɗai yana cafewa. Sai bayan La'asar aka ɗauko Malam a kan keke, ko hula babu.

"Kai, sauko!"

"Yawwa, Malam. Dama kai nake jira."

Wata rana aka koya musu ceton wanda wuta ta kama: in ka ga mutum ya dafa ƙarfe yana karkarwa, kada ka sa hannu, nemi busasshen itace ka raba shi da wurin. Ba a yi kwana uku ba Nomau ya ga Baba Maikano, mai dafa wa ɗalibai abinci, ya dafa injin niƙa yana ta girgiza ƙafa. Ashe cinnaku ne suka shige masa wando. Nomau ya suri taɓarya, sai da ya taɓa ya tabbatar busasshiya ce, sannan ya zabga masa a hannu. Dattijo ya zube cikin garin dawa.

"Ba sai ka gode mini ba, Baba. Aikinmu ne."

Ranar shugaban makaranta ya kira shi ya ce, "Saura ɗaya. Ka ƙara, ka koma ƙauyenku hannu rabbana." Nomau ya tuna Gwaggo a bakin hanya, ya kasa cin tuwo.

To, wata rana, ranar jarrabawar ƙarshe, wani injiniya ya zo daga ma'aikatar lantarki don ya duba aikinsu. Za a ja sabuwar waya a ginin makarantar. Malam Isiyaku ya kashe babban makunni, ya danna wa akwatin kwaɗo, ya miƙa wa Nomau makullin, don dai ya raba shi da aikin da zai ɓata.

"Mutum bakwai ne a kan waya. Kada ka buɗe sai bakwai sun tsaya a gabanka."

Rana ta take. Baƙo yana ta fifita da takarda, shugaba ya ƙosa a kunna masa fanka. Aka busa usur, ɗalibai suka taru. Malam ya ce, "Nomau, buɗe."

Nomau ya nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. "Shida ne, Malam."

Wani ɗalibi ya tuntsire da dariya. "Wawan ya manta da kansa! Kai ne na bakwai!"

Kowa ya kwashe da dariya, har baƙon. Malam, da zufa ta jiƙa shi sharkaf, ya ce, "Ni na ba ka, ni na ce ka buɗe." Shugaba ya taso ya miƙa hannu. "Kawo makullin nan, ka je ka tattara kayanka."

Hawaye suka cika idon Nomau. Sai ya jefa makullin a baki, ya datse haƙora, ya ɗaga yatsu shida.

Ana cikin neman guduma a fasa kwaɗon, sai aka ji motsi a silin ɗakin ajiya. Ƙafa ta leƙo, sannan wani ɗan ajinsu, Lurwanu, ya diro, yanar gizo ta rufe masa gira, filaya a hannu.

"Har an gama? Ni ban ji usur ba. Saura mini haɗi biyu, wayoyin na nan tsirara."

Ba wanda ya sake yin dariya. Malam Isiyaku ya zauna daɓas a ƙasa yana salati.

Injiniyan ya matso ya ce, "Tofo makullin, samari. Malaminka ya ce ka buɗe, shugabanka ya ce ka buɗe. Me ya hana ka?"

Nomau ya goge makullin a riga. "Ranka ya daɗe, ai ba wanda ya ce mini bakwai ta koma shida."

Takardarsa aka fara sa wa hannu a ranar, kafin ta kowa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin wuta a Tudun Marke da ƙauyukan kewaye, ana yi masa dariya yana ƙirga mutane, kuma cikin ikon Allah duk wanda ya hau falwaya a gabansa da ƙafarsa ya koma gida.