Harshen Sallau da Tsakiyar Surukarsa

Wani mutum ne a garinmu, Sallau. In kun san shi, sannunku da haƙuri. Bawan Allahn nan bai taɓa tsintar ko ƙwayar dutsen zobe ɗaya ba tun da uwarsa ta haife shi, amma in ya zauna a teburin mai shayi ya fara zuba, sai ka rantse a ramin haƙo aka yanke masa cibiya.

Kun san masu neman dutse a bakin rafi, in sun tsinci wani sukan ɗan lasa, don yawu ya fito da launinsa. To a kan wannan Sallau ya gina gidansa.

"Su sai sun ga dutse suke lasa," in ji shi. "Ni yashi kawai nake ɗanɗanawa. In akwai aƙiƙ a ƙasa, gardi nake ji kamar soyayyar gyaɗa. Jan lantana kuwa ɗan yaji-yaji gare shi."

Ana nan sai ga Alhaji Mande, dillalin duwatsu daga birni, ya tsaya shan shayi. Ya saurara, ya ajiye kofi.

"Malam, kai nake nema. Jibi ka kai ni rafin Dogon Marke."

"Jibi? Ai ko yanzu, ranka ya daɗe!"

Bakinsa ne kawai ya faɗa. In ya je bai tono komai ba, shi da teburin mai shayi har abada.

Da ya koma gida sai Shaiɗan ya nuna masa akwatin matarsa Kuluwa. A ciki akwai tsakiyar mahaifiyarta, Inna Tabawa, wadda ta aro don biki. Tsohuwar sarƙar aƙiƙ ce ta gado, da wani ƙaton jan lantana a tsaka. Inna Tabawa kuwa, ko kazarta ba a kora da ƙarfi a unguwar, balle a taɓa mata kayan kakanni.

"Aro ne," Sallau ya gaya wa kansa. "Su kwana a yashi, in tono su, in ce ba na sayarwa, in mayar."

Ya tsinke zaren, ya toshe hudojin da laka, ya mulmula kowane a taɓo. Washegari ya taka keke har rafin, tafiyar da ko ɓarawo ba ya yi, ya binne su a gindin wani marke.

Ranar tafiya aka ɗunguma. Ga Alhaji, ga 'yan teburin shayi da suka zo ganin ƙwaƙwaf, ga Ilu ƙanin Kuluwa, wanda ya goyo Alhaji a babur. Inda hanya ta ƙare aka jingine babura aka shiga yashi da ƙafa, rana kamar ta fasa kai.

Sallau na gaba, hannu a baya. Ya durƙusa, ya dangwali yashi, ya sa a baki, ya lumshe ido.

"Tuf! Nan ba komai. Shanu ne suka yi fitsari shekaranjiya."

"Ikon Allah!" in ji mutane.

Ya ƙara gaba, ya ɗanɗana, ya tofar. Wallahi yashin da ya ci ran nan ya isa yaɓen ɗaki. Da suka iso gindin marken sai ya ƙame, ya ɗaga yatsa sama.

"Gyaɗa! Ku tona nan!"

Aka sa hannu. Tono kaɗan sai ga dunƙule-dunƙule na fitowa. Wuri ya kaure da kabbara. Sallau ya karkace hula, yana hura hanci.

"A wanke su mu gani," in ji Alhaji.

"A'a, ranka ya daɗe, ruwa na ɓata..."

Ina! Ilu ya riga ya tsoma su a kwano, ya cakuɗa. Laka ta narke. Alhaji ya ɗaga ɗaya ya kanga a ido, sai ga shi yana hango Sallau ta ciki.

"Malam, wannan ai da huda."

Amma bakin Sallau bai mutu ba.

"Tsutsa ce. Tsutsar dutse. A rafin nan kaɗai take."

"Na tsufa a sana'ar nan ban taɓa jin ta ba."

"Ai ba ka taɓa zuwa da ni ba."

"To wannan sheƙin fa? Kamar an goge."

"Kifi ne. Da damina yake lashe su."

Wani daga baya ya ce, "Allah mai iko, kifi ma ya san dutse."

Alhaji ya sa farce a wata huda, ya jawo guntun baƙin zare har da ƙulli.

"Wannan kuma fa?"

"Macen tsutsar ce," in ji Sallau. "Namijin na huda, ita tana kaɗi."

Duk wannan abin Ilu na gefe. Ƙaton jan nan yake juyawa a tafin hannu, yana kallon wani ɗan ɓalli a gefensa.

"Yaya Sallau, wannan ɓallin na san shi. Haƙorina ne. Ina yaro na gatsa, Inna ta yi min dukan da har yau in hadari ya taso sai bayana ya tuna."

"Kai, rufe mana baki! Kawo in ɗanɗana."

Ya fizge, ya jefa a baki. Idanu duk a kansa. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba wurin tofarwa. Muƙut!

"Ina dutsen?" in ji Alhaji.

"Wane dutse?"

"Wanda ka sa a baki yanzu!"

"Ya narke. Na gaske haka yake yi a bakin gwani."

Alhaji ya zauna daɓas a yashi yana dariya har da hawaye. Ilu kuwa bai yi dariya ba. Ya ƙulle sauran a gefen riga, ya tasa mijin yayarsa a gaba har ƙofar gidan Inna Tabawa.

Tsohuwa ta baza duwatsunta a faifai, ta ga babu babban. Kowa ya zaci za ta tsaga gari da ihu. Ko kusa. Kun san suruka ba ta magana da mijin 'yarta kai tsaye, sai ta juya wajen ɗanta.

"Ilu, tambaye shi ina yake."

Sallau ya sunkuyar da kai, ya nuna cikinsa.

"To madalla, bai ɓata ba. Ilu, dafa filasko na wankin ciki, mai kauri. Ka ɗauko tsohon kwanon nan na bayan ɗaki, da rariya."

"Inna, don girman Allah, a bar ni in je gida..." in ji Sallau.

"Ilu, gaya masa ba a barin wurin haƙo sai an ga abin da aka zo nema."

Aka ɗura masa kofi biyu, aka tura shi bayan zana. Inna ta shimfiɗa tabarma a bakin wurin, ta ɗauko carbi. Gari kuwa ya cika gidan maƙil, har kan katanga, mai shayi ma ya kwaso teburinsa ya kafa a ƙofa. Alhaji ya ce shi da birni sai ya ga ƙarshen wannan rafin.

Aka yi tsit. Ba ka jin komai sai nishi da ƙugin ciki, kamar ana tuƙa tuwo a randa.

Can wajen la'asar sai aka ji ƙwal! a kwano.

Mata suka rangaɗa guɗa. Ilu ya toshe hanci, ya fito da shi a rariya, ya ɗauko buta zai wanke.

"Dakata," in ji Inna Tabawa. "Ni idona ba ya gani sosai, kada a musanya min. Miƙa wa gwani ya ɗanɗana tukuna, ya gaya mana ko na gaske ne."