Baƙin Sa a Taron Sulhu

Jiya na kusa rasa wandona saboda zaman lafiya. Ni aka ba igiyar san da za a yanka a taron sulhu, tunda ni ne tafintan baƙi, sai ya ja ni cikin ƙaya a gaban Mai Girma Sarkin Buɗe Taro da Rufe Shi.

Shekara biyu ke nan danginmu da na ƙetaren fadama ba sa haɗa hanya, tun da aka harbe mutum uku a mashaya. Rani ya yi nisa, shanun Kawu Malual sun fara faɗuwa, ruwa kuwa yana can inda ba mai iya taka ƙafa. Dattawan ɓangarorin biyu suka ce abu ɗaya suke so: farin sa, a yanka, kowa ya tsallake shi, magana ta mutu. Ba wanda bai san wannan ba a ƙasarmu ta Rumbek.

Masu taimakonmu daga ƙasashen sanyi, Allah Ya saka musu, suka ga abin ya yi sauƙi da yawa. Suka kawo bita ta kwana uku, da riguna masu hoton kurciya, da zaɓen kwamiti cikin akwati. Kawu, mai yawo da harsashi a cinya, aka miƙa masa takarda ruwan hoda ya zana yadda yake ji a ransa.

Sa kuwa, dokar ofishinsu ta ce a tambayi dillalai uku, a ɗauki mafi araha. Mafi araha ya iso baƙi ƙirin.

Na ce da jami’arsu, Madam Ƙwararriya, “Ranki ya daɗe, da wannan ba a sulhu.”

Ta duba takarda. “Sa aka rubuta. Kuma mu ba ma nuna bambancin launi.”

Ita dai baƙuwa ce. Mai Girma fa? A cikin garke aka haife shi, ya sani sarai, amma ya gyara kwat ya fara tafi. Irinsu ne ke tafasa mini jini: sun gwammace shanunmu su ƙare da a ce an ɓata wa mai ba da mota rai.

Dattawan ƙetare suka kalli san, suka tofar da yawu, suka ɗauki sandunansu.

Ayak mai shayi ta ce, “Ɗan boko, duk Turancin nan naka ba ka san yadda ake cewa fari ba?”

“Na faɗa, Inna!”

“To ka faɗa da rigar kurciya a jikinka, wa zai ji ka?”

Da motoci suka tafi, Kawu ya shiga garke ya kwanto farin sansa, wanda yake yi wa waƙa tun yana maraƙi. Bai kalle shi ba. Ya ce, “Ɗan ’yar’uwata, ruga ka tsayar da tsofaffin can kafin su haye. Ka cire rigar nan tukuna.”

Aka yanka a gindin tsamiya, ba lasifika, ba ruwan gora. Yau da safe shanunmu suka sha ruwa.

Ɗazu Madam ta bugo waya tana murna, wai bitarsu ta yi aiki, in turo hoto. Baƙin san kuma, na ji yana gidan Mai Girma, ana ba shi kariya. Shi kaɗai ya samu zaman lafiya daga hannunsu, shi ma zuwa Kirsimeti.